Teburin Kifin Gwaggo

Jiya magini ya kira ni zuwa Orozo, wurin ginin nan nawa da ya cinye mini shekaru da ƙarfi. Saura murfin ramin sokawe.

"Hajiya, na ƙarfe ko na kankare? Na ƙarfe ya fi kyau, amma 'yan jari bola za su ɗauke."

Na zauna a kan bulo, gwiwoyina na zogi. Sai Gwaggo ta faɗo mini a rai, yayar babana da ta riƙe ni, mai sayar da kifi a Kado. Ba ta wuce buɗaɗɗen rami sai ta kafa masa reshe. Takan ce, "Rami ba ya tambayar ɗan wane ne."

Wata damina aka sace murfin kwalbatin da ke gaban rumfarmu. Ruwa ya sauko da azahar, ya shafe titi, ramin ya ɓace a ƙarƙashinsa, ga 'yan makaranta sun taso. Gwaggo ta juye kifinta a daro, ta kife tebur a bakin ramin, ta zauna a kai. Zaninta ya jiƙe sharkaf, tana ƙarnin tarwaɗa, haƙoranta na kaɗawa.

Na ce, "Gwaggo, a kan me za mu kasa kifi?"

Ta ce, "A ƙasa. Ai shi kifi ya riga ya mutu."

Na kankare na zaɓa, mai nauyin gaske, don jikokina za su yi wasa a tsakar gidan.

Gwaggo ta sha wahalar duniya. Allah Ya yalwata mata kabari, Ya sa ta huta.