Ragon Baba, Wuƙar Baffa

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya yanka ko da kaza ba. Ba tsoron jini yake yi ba, don masunci ne, rabin rayuwarsa a bakin tafkin Madarumfa ya yi ta. Dalilinsa ɗaya ne: mu Kirista ne, danginmu kaf Musulmi, kuma abin da hannunsa ya yanka ba za su ci ba. Yana saurayi ya kwanta jinya a wani asibitin mishan kusa da Maradi, ya fito da lafiya da kuma sabon addini. Ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baffa, ya zauna a addinin iyayensu da gonarsu, a wani ƙauye ta wajen Safo.

Kowace shekara, da an gama girbi, Baba zai sayi rago ya ɗaure a turken da ke bayan rumbu, a yi ta ɗura masa harawa da dusa har ranar Kirsimeti, wadda mu nan muke ce wa Nowel. Ranar da safe Baffa zai iso da wuƙarsa naɗe cikin tsumma. Baba ne ke haƙa ramin jini, shi ke kayar da ragon, shi ke juya shi ya fuskanci gabas, don ya san alƙiblar gidanmu fiye da wasu masu salla. Sai ya danne ƙafafu, Baffa ya yi bisimilla ya yanka. Hanta ake fara gasawa, su biyu su ci a tabarma ɗaya. Cinya guda ta tafi ƙauye, sauran a raba wa maƙwabta, kowa ya ci hankali kwance tunda an san hannun da ya yanka. In layya ta zo, cinya ta dawo mana daga gidan Baffa.

A majami'armu akwai masu gunaguni a kan wannan tun da daɗewa. Baba bai taɓa tsayawa gardama da su ba. Shekarar da aka yi rigima a Maradi kan dokar ibada har aka cinna wa wata majami'a wuta, Baffa ya baro gonarsa ya zo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, ya wuni yana jan carbi. Bai ce gadi ya zo yi ba, ya ce iskar tafki ya zo sha.

Ni ce 'yar fari. Na dawo gida bayan rasuwar mijina, na tarar Inna ma ta rasu, idon Baba kuma ya fara dushewa, ya bar kamun kifi, ya koma rediyo. Daga safe har yamma tana manne da kunnensa, kuma ba ya iya jin labari shi kaɗai. Ina tsakiyar wanke-wanke zan ji ya ce, "Ke, taho ki ji." In je in ji: a wata ƙasa an hana 'yan mata ɗaura kallabi a lakwal, wato makaranta, a wata an kafa dokar da ta hana mutum sauya addini, a wata an rufe masallaci, a wata an ɗaure mutum don an same shi da Littafi Mai Tsarki. Kotu ta yanke hukunci, an ɗaukaka ƙara, wata kotun ta warware. Da farko ina tausaya wa mutanen. Daga baya, gaskiya, sai na gaji, in tsaya da kumfa a hannu in ce "Allah ya kyauta" in koma kan kwanonina.

Abin da rediyo ta rage, waya ta ƙarasa. Ina da ƙane a Maradi, dattijon majami'a ne tun gemunsa bai yi fari ba, ba ya kwana bai turo mini hoton wata majami'ar da aka rushe a wata duniya ba. Baffa kuma yana da babban ɗa, ɗan kasuwa a Ɗan Issa, wanda shi ke riƙe da gidan tun da gona ta daina cika rumbu. Shi ma wayarsa cike take da masallatan da aka rushe. Tare suka yi wasan ƙasa, waya iri ɗaya suke riƙewa, amma kowa nasa mutanen kaɗai ake nuna masa suna kuka. Da sun haɗu a suna ko jana'iza sai gaisuwar ta yi ladabi fiye da kima, irin ta surukai.

Shekarar da nake magana a kai, Baba ya sayi farin rago mai baƙin wuya. Ana saura 'yan kwanaki Nowel sai ga ɗan Baffa a kan babur. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaro ne mai kunya. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ajiye sukari da ganyen shayi a gaban Baba, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya kai ga abin da ya kawo shi.

"Baba, don Allah kar ka ga laihina," ya ce, kansa a ƙasa. "Na tambayi malamai, sun ce yanka don bikin da ba namu ba bai halatta ba. Tsoho ba ya zuwa bana."

Baba ya rage muryar rediyo. "Shi ya ce, ko kai ka ce?"

"Mun yi magana da shi, Baba."

"To, madalla. Ka gaishe shi."

Da ya tafi na kira ƙanena na gaya masa, ina zaton zai ji abin da na ji. Sai na ji kamar ma daɗi ya ji. Ya iso jajibere da matarsa da yara, da sabuwar wuƙa a jaka. Ya zauna gaban Baba ya ce dama abin ya daɗe yana damunsa, dokar ƙasa ta ba kowa 'yancin addininsa, ba mu buƙatar hannun kowa kafin mu ci naman bikinmu, shi zai yanka. Baba ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce, "In ka yanka, wa za shi ci?" Ƙanena ya ce mu. Baba ya ce, "Mu ai ko wake munka dahwa mun ci biki. Maida wuƙarka."

Ranar Nowel muka dawo daga majami'a, Baba ya sa aka kai masa kujera ƙofar gida. Ramin ma ya riga ya haƙa da sassafe, da lalube. Duk amalanken da ya ji ƙararsa sai ya ɗaga kai. Ni ina ciki ina hura wuta ina zagin kowa a zuciyata: ɗan Baffa da malamansa, ƙanena da wuƙarsa, Baffa da ya kasa buɗe baki a gidansa, har Baban da ya bar ni da baƙi cike da gida ba nama. Da rana ta take na yafa gyale na gangara bakin tafki na sayo tarwaɗa da karfasa. Kifi dai ba ya neman yanka, ba ya neman alƙibla. Shi na dafa, shi na zuba a kwanoni na aika wa maƙwabta, suka ci suka yi godiya, wasu suna tambaya a hankali ko ragon ba shi da lafiya ne. Baffa bai zo ba.

Baƙi suka watse, rago ya zauna. Ya cinye harawar da aka tanada, ya shiga ta awakina. Kullum ni ke share masa wuri, ni ke ba shi ruwa, yana kallona yana tuƙa kamar shi ne mai gidan. Na ce wa Baba a sayar, ya ce a'a. Na ce a kira mahauci, ai shi ma Musulmi ne, kowa zai ci. Ya ce shi ba mahauci ya rasa ba.

Cikin kwanakin nan ne wata safiya ya kira ni kamar yadda ya saba. Rediyo na ba da labarin wani yanki a Turai inda aka hana yanka dabba sai an sumar da ita tukuna. Musulmi da Yahudawa sun kai ƙara cewa an tauye musu addini, ana ta shari'a. Na ɗauka zai ce Allah ya kyauta mu wuce. Sai ya kashe rediyon, abin da ba ya yi.

"Kin ji su," ya ce. "Su can gwamnati ta riƙe musu hannu, sun san ƙohwar da za su bugawa. Ni ba dokar da ta hana ni komi. To wa zan kai ƙara, gun wa?"

Tausayinsa ya kama ni har na manta da haushin harawa.

Bayan sabuwar shekara ta shiga, wata ranar Talata da ba ta kowa ba, ya ce in nemo mai amalanke. Muka ɗora ragon, muka ɗaure shi, Baba ya zauna a gefe da sandarsa, ni a baya da kwano da tsumma. Jakin ba ya sauri, hanyar kuma duk rairayi. Muna tafe tsakanin gonakin da aka girbe, ba abin gani sai kututturen gero, ina ta tunanin kunyar da za mu sha in aka ce mu koma da abinmu.

Muka tarar da Baffa a gindin bishiyar bedi yana ɓarar gujiya. Da ya ga wansa da rago a kan amalanke sai ya miƙe, gujiyar ta zube daga cinyarsa. Suka gaisa, gida, gajiya, sanyi, ido, ƙafa, kamar ba abin da ya faru. Sai Baba ya ce, "Biki ya wuce. Wanga ba ragon Nowel ba ne yanzu, ragon yayanka ne kurum. Ka yanka mini."

Baffa bai dubi ragon ba, ƙofar ɗakin ɗansa ya duba. Ashe yaron yana gida ranar. Ya fito, ya durƙusa ya gaida Baba kamar kullum, ya gaishe ni, sannan ya tada baburinsa ya fita. Matarsa ta tattara 'ya'yanta ta shige ɗaki ta saki labule. Gidan ya yi tsit, sai kaji. Baffa ya daɗe a tsaye, tsoho da furfura, a tsakar gidan da ubansa ya gina, yana sauraron ƙarar babur har ta ɓace. Sannan ya ce, "To, Yaya," ya shiga ya ɗauko wuƙar cikin tsummanta.

Mai amalanke ya taya aka kayar da ragon. Baba ya lalubi ƙahon, ya juya shi gabas ba wanda ya nuna masa, don a gidan aka haife shi. Ya danne ƙafafu. Baffa ya yi bisimilla, ya yanka. Ni na hura wuta na gasa hantar da kaina, tunda ba macen da ta fito. Suka zauna a tabarma ɗaya suka ci kamar kowace shekara, sai dai wannan karon ba yaran da ke zagaye suna jiran a miƙo musu.

Da aka gama fiɗa na ware cinya na sa a kwano na ajiye gaban Baffa. Ya dube ta, ya tura mini ita da bayan hannu a hankali.

"Tahi da ita, ɗiyata," ya ce. "Nan ba mai dahwa ta. Ni na ci nawa."

Ya raka mu har bakin gari yana riƙe da gefen amalanke. A hanya Baba ya rungume kwanon naman a cinyarsa har muka hango ruwan tafki. Ni kam zuciyata ta ɗan yi sanyi, har na ce masa ai ga dabara ta samu, baɗi ma sai mu bari biki ya wuce mu kawo. Ya girgiza kai.

"Ba ki ga yadda ya tsaya ba? Ni ido ba ni da shi, amma na ji. Yau za shi kwana gidan da ba mai yi mishi magana, kuma hatsin da za shi ci gobe yaron ga ne ka sawo shi. Ya yi mini, ya gama. Ba ni sake ɗora mishi."

Bai sake sayen rago ba. Tun daga wannan shekarar, kifi muke ci ranar Nowel, maƙwabta har sun saba, suna cewa miyar kifina ta fi nama, ni kuma in yi dariya in karɓi kwanona. Ƙanena yana yanka nasa a Maradi, ya turo mana hoto. Rediyo tana nan, kotunan duniya ba su gama shari'arsu ba, Baba yana kirana in zo in ji, ina zuwa in ba hannuna cikin ƙullu yake ba. Ramin bayan rumbu ya cike da kansa, na shuka yakuwa a wurin.

Da layya ta zagayo, ɗan Baffa da kansa ya kawo cinya a bayan babur, naɗe cikin takardar siminti, ya durƙusa ya ce tsoho na gaisuwa. Baba ya sa hannu biyu ya karɓa, ya sa masa albarka. Na dafa, ya ci sosai, har ya nemi ƙari. Haka ake yi har yau: tasu tana zuwa mana kowace shekara, tamu ce ba ta zuwa can.