Raken Kawu da Lissafin Lakwal

Jiya na ga mai rake yana datsa shi gaɓa-gaɓa, sai marigayi Kawu, yayan mahaifiyata, ya faɗo mini a rai.

Ina saurayi Faransawa suka sa mu lakwal, wato makarantar boko, a Matameye. Mushe, malaminmu, ba ya bayanin lissafi, wanda ya kasa sai bulala. Wata rana na dawo bayana duk shati, na ce na bar karatu.

Kawu ya ce, "Ba za ka bari ba. Nasara ya tarar da mu muna ƙirga abinmu."

Ya kai ni lambunsa, ya miƙo mini wuƙa da sandar rake. "Gaɓa goma sha biyu, mutum huɗu. Raba."

Hannuna na danƙo da ruwan rake na gane rabawa. Ranar da mushe ya kira ni gaban allo, ban sunkuyar da kai ba.

Allah Ya haskaka makwancin Kawu.