Maganata a Bakin Iliya

A watan nan Iliya ya cika shekara bakwai da rasuwa, kuma sai bana na iya zama na saurari muryarsa ta rediyo. Wanda ya san mu zai yi mamaki, domin fiye da shekara goma muka yi a bene ɗaya a Germantown, nan Amurka, ni a hawa na biyu shi a na uku, kuma da wuya Litinin ta wuce bai yi magana a rediyo ba. Dalilin ba mai kyau ba ne. Hassada nake yi masa. Na yi ta yana raye, ya rasu ban daina ba, kuma gara in faɗa tun daga farko kada mai karatu ya zaci yabo zalla na zo jerawa.

Ni na koya masa besbol, wannan kam ko shi bai taɓa musu ba. Ni Bazazzagi ne, aikina haɗa magunguna a wani kantin magani. Shi mutumin Pankshin ne, yana tuƙa motar kwasar fasinjoji a filin jirgin Dulles. Na riga shi zuwa ƙasar nan, na kuma riga shi gane cewa in kana son tsohon Ba'amurke ya saki jiki da kai, to ka san wasan da ubansa ya kai shi kallo. Ranar da na fara kai Iliya filin wasa, mun yi kusan awa guda a zaune ana ta fafatawa, sai ya juyo ya tambaye ni yaushe za a fara. A bayan tikiti na zana masa kusurwoyi huɗun nan, na nuna masa mai jifa, na nuna masa mai duka da sanda. Ya ce ai langa ta fi wannan ma'ana. Kafin shekara ta zagayo ya haddace sunayen 'yan wasan ƙungiyar garin nan kamar shi ya raɗa musu.

Daga nan muka kafa al'ada. Duk Lahadi in ya taso daga coci, sai ya sauko da kwanon gwaten da matarsa Saratu ta dafa, mu zauna gaban talabijin. Ni ke magana, shi ke ci. A ɗakina da Hausa harshena ba ya sarƙewa, amma a sa ni Turanci a gaban baƙi, sai i'inar da nake fama da ita tun ina firamare ta taso ta shaƙe ni. Iliya kuwa ko turken fitilar titi ya samu sai ya ja shi da hira.

Abin da muka fi gardama a kai shi ne ƙwayoyin ƙara kuzari. A lokacin ana ta tonon asirin manyan 'yan wasa, mutanen da wuyansu ya yi kauri cikin ɗan lokaci har ka kasa gane su a tsohon hotonsu. Iliya ɗan fasto ne, hukuncinsa gajere: wanda ya sha ya yi sata, a goge sunansa. Ni da nake wuni cikin kwalabe na ce abin bai kai nan sauƙi ba. Ƙwaya tana sa tsoka ta warke da wuri, tana sa mutum ya tashi garau bayan ya jera kwanaki yana wasa, amma ba ta ba da idon da zai ga ƙwallon da ke tahowa a guje. Na ce masu ƙungiyoyi sun gani suka kau da kai saboda kujeru na cika. Na ce 'yan jaridar da suka yi shekaru suna yi wa mutanen nan kirari su ne yanzu ke riƙe da takardar ƙuri'a suna hana su shiga zauren gwarazan wasan, sai ka ce ranar suka fara ganin wuyan. In za a hukunta, a haɗa har da mai alƙalami. Iliya ya ajiye cokali ya ce, "Malam Sani, maimaita mini wannan."

Ban san abin da zai yi da ita ba sai tsakiyar mako. Wani tsoho da ke karɓar maganin hawan jini a wurina ya jingina da kanta yana ba ni labarin wani ɗan Afirka da ke kiran shirin wasanni na safe, wai Eli na Germantown. Ya ce mutumin ya ce ƙwaya ba ta ba da ido, kuma a duk shekarunsa na sauraron rediyo bai ji maganar da ta fi wannan ba. Na tsaya da ledar maganinsa a hannu. Maganata ce ta bar ɗakina, ta zaga gari, ta dawo mini da sunan wani. Na buɗe baki in ce tawa ce, harafin farko ya maƙale. Na miƙa masa ledar na ce ya riƙa sha bayan ya ci abinci.

Ashe in Iliya ya shiga cunkoson hanyar 270 da safiyar Litinin, sai ya buga wa gidan rediyon da sunan Eli. Mai shirin mutum ne mai ihu da katse wa jama'a magana, amma an ce Iliya yakan bari ya kai aya. Daga ranar na kafa wa kaina doka: da na ji an ce Germantown sai in murɗe rediyon. Da yamma in mun haɗu a matakala ya ce, "Ka ji ni yau?" sai in ce, "Na ji ka, ka yi ƙoƙari." Shekara da shekaru ina wannan ƙarya. Yakan ce, "Ka kira su mana, gaskiya suna tambayarka." Ni kuma sai in ji kamar gorin i'inata yake yi mini, in ce ba ni da lokacin surutu. Na taɓa kira sau ɗaya a ɓoye. Da wata mata ta ɗauka ta tambayi sunana, na kashe wayar.

Yanzu ga abin da na daɗe ina ɓoyewa. Wata shekara ƙungiyar tana da wani mai jifa da ya dawo daga jinyar hannu, ya yi wasa biyu marasa kyau. Na san irin wannan rauni, na san a hankali hannu ke dawowa, kuma na ga alamar nasa ya kusa. Amma ranar Lahadi na gyara zama na ce wa Iliya mutumin nan ya ƙare, shugabannin ƙungiyar ba su san aikinsu ba, kamata ya yi su rabu da shi tun yana da sauran daraja. Na yayyafa wa maganar kalmomin asibiti don ta yi nauyi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Haka ka gani?" Na ce haka na gani. Ranar Litinin ya kai musu. Kafin mako ya ƙare mai jifan ya yi wasan da aka miƙe tsaye ana tafa masa, kuma bai sassauta ba har ƙarshen kakar. Tsohon nan mai hawan jini ya ba ni labarin yadda aka yanko muryar Iliya ana maimaita ta duk ranar da mutumin ya yi nasara, ana sheƙa dariya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Lahadin da ta biyo baya ya sauko da kwanonsa kamar kullum.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi a farkon wata kakar wasa, kwana biyu kacal ya yi a asibiti. A cocin da aka yi masa addu'a, layin baya tsofaffin Turawa ne riƙe da hulunan ƙungiyar, mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba sai a hoton da ke kan akwatin gawar. Na yi kuka na gaske, domin abokina ne. Amma cikin kukan ina ƙirga hulunan, ina tambayar kaina guda nawa za su zo tawa jana'izar. A shekarar ce kuma ƙungiyar ta ɗauki kofin da muka daɗe muna jira. Na ce to, ga abu ɗaya da na gani Iliya bai gani ba. Ko wannan ba a bar mini ba, duk wanda na gamu da shi a bene sai ya ce, "Kai, da Iliya na nan."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wasan a yau. An kafa wa mai jifa agogo don a daina jan lokaci, kuma na tabbata mutumin da ya tambayi yaushe za a fara shi zai fi kowa ƙorafi, domin daga baya cewa yake besbol kaɗai ne abin da ba ya sauri a ƙasar nan. 'Yan wasan da suka kawo kofin sun watse ɗaya bayan ɗaya, ana ce mana gini ake yi don gobe, shi kuwa sai ya tambaye su wace goben. Shirye-shiryen da a da ke kukan an ɓata tsarkin wasa, yanzu ba sa numfashi biyu ba su koya maka yadda za ka yi caca da wayarka ba. Sai dai duk sanda na tsara abin da zai ce, sai in ga nawa ra'ayin nake sake sa masa a baki, haushin ya dawo mini sabo.

Watan jiya 'yarsa Rifkatu, wadda ta gama jami'a a College Park, ta kira ni. Hausa take ji ta amsa da Turanci, amma gaisuwa kam takan cika ta: "Baba Sani, ina wuni, ya gida?" Ta ce za su yi taron tunawa da shi a zauren cocinsu, tana so in yi magana kan babanta da besbol. Na amsa, a raina kuwa na ƙudura wannan karon zan karɓi kayana. Zan faɗa cikin raha yadda ba za a ce na ci mutuncin mamaci ba, amma za a watse an san daga ɗakin wa maganganun Eli suka fito. Na san Saratu takan ɗauki kiran nasa a waya daga rediyon kicin, don haka na ce a turo mini in tuna baya. Hujja nake nema.

Ranar Asabar da hantsi na zauna da biro da takarda na kunna na farko. Muryarsa ta cika ɗakin, ga ƙarar motoci a bayanta. Ya gaida mai shirin, sannan ya ce da Turancinsa na Filato: abokina mai magani ya ce ƙwaya ba ta ba da ido. Na kunna na biyu, abokina mai magani ya ce. Na uku haka, na goma haka. Ashe masu sauraro ne ke riƙe maganar su yar da mai ita a hanya. A wasu ma mai shirin ne ke fara tambaya, yau me mai maganin ya ce, kuma yaushe zai kira da kansa? Iliya ya ce mutum ne mai aiki da yawa, amma yana saurare. Haka ya yi imani, domin haka nake gaya masa a matakala.

Na lalubo kiran da ya yi kan mai jifan. A cikinsa bai ce abokina ba, shi kaɗai ya ɗauki maganar har da kalmomin asibitin. A kiran da ya biyo baya mai shirin yana dariya ya tambaye shi ko mai maganinsa ne ya rubuta masa wannan. Iliya ya ce, "A'a, wannan tawa ce."

A wurin taron na ba da labarin tikiti da langa, aka yi dariya, na zauna. Sauran ban iya faɗa ba, kuma wannan karon ba laifin i'ina ba ne. Shi ya sa na rubuta shi a nan. Kafin in aika wa editan jarida na hau sama na ba Saratu, domin ita ta fi kowa haƙƙin fara gani. Ta sa gilashi ta karanta har ƙarshe, ta ninke takardar ta ce, "Ai ya sani, Malam Sani. Ranar da ka yi masa maganar mai jifan nan, da ya hawo ya ce mini ranka a ɓace yake da shi, bari ya bar ka ka ci shi sau ɗaya."

Ke nan nasara ɗaya tak da na taɓa yi a kansa, shi ya ba ni ita. Ra'ayoyin da muka yi ta ɗaga jijiyar wuya a kansu sun tsufa, masu hulunan nan da yawa sun bi shi, mai shirin ma ya yi ritaya. Abin da ya saura daga Iliya kalma uku ne da yake fara magana da su. Kuma har yau ina yi masa hassada, sai dai yanzu ba ta muryar ba ce. Ta sauƙin da sunan wani ke yi masa a baki ce, abin da ni na kasa a shekara goma da harshe lafiya lau a ɗakina.

Litinin da ta wuce na kira shirin. Aka tambayi sunana, sai a karo na uku ya fito, amma ban kashe wayar ba. Sabon mai shirin bai san wani Eli ba, bai san mai magani ba. Ana maganar ko a yafe wa tsofaffin masu shan ƙwaya ne, sai na ce abokina direba, Iliya na Germantown, ya ce wanda ya sha ya yi sata. Har gobe ban yarda da wannan hukunci ba, amma nasa ne, shi ya sa na kai musu. Ban kai ƙarshen jimla ta biyu ba aka katse ni aka sa tallan caca. Sunan dai ya riga ya fita. Allah ya jiƙan Iliya.