Ciwon Bayan Barde

Har yau ba ta fita raina ba, ranar da na yi wa mai lafiya ƙaho a gaban rundunar yaƙi. Ku da kuka koyi wanzanci a zamanin zaman lafiya, ku saurara.

A lokacin ina wanzamin sansani. Duk rundunar da za ta fita sai ta tafi da wanzami: shi ne mai aski, shi ne mai cire kibiya, shi ne mai ƙaho. A shekarar aka tara mutanen Danja da Ƙarfi da ƙauyukanmu, aka tura mu kudu, can bayan ƙasar Gwari, mu taimaki wani sarki da ke da alkawari da namu. Abokan gabansa sun hau dutse sun zauna, mu muka zauna a gindi. Barde ne shugabanmu, dattijo mai ƙarancin magana. Ƙarƙashinsa akwai Jarmai mai riƙe da mahaya, da Garkuwa mai riƙe da dakaru, wato 'yan ƙasa.

Rani ya wuce, bazara ta shigo, dutse yana nan. Zawo ya fara kwantar da mutane. Dakarunmu kuwa manoma ne. In hadari ya taso, ba dutse suke kallo ba, arewa suke kallo. In shuka ta wuce mu, yunwa ce a gida.

Kullum bayan hantsi sai a zauna shawara a gindin wata ɗorawa. Garkuwa ya ce a jira ɗaukin da sarkin nan ya yi alkawari. Jarmai ya buga ƙasa ya ce, "Ni dai gawata za a mayar gida, ba ƙafata ba!" Sauran su ce haka ne. A tashi ba a yanke komai ba.

Amma in na ɗora wa mutum aska, murya takan sauka. Jarmai ɗin nan, kansa a hannuna, ya ce, "Wanzam, fataken jiya sun ce an yi ruwa a Danja?" Garkuwa ma ya tambaya. Babu wanda bai tambaya ba.

Wata safiya Barde ya kira ni aski. Ina jiƙa masa kai ya ce, "Me suke faɗa maka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka faɗa ƙarƙashin aska ba na ɗauka in kai gaba."

"Ban tambaye ka suna ba."

Na ce, "To, duk kan da na taɓa, labarin ruwa yake nema."

Na ɗora masa aska. Can ya ce, "Kowa yana jiran wani ya fara zama matsoraci. Kawo ƙahonka gindin ɗorawa."

Na ce, "Ina ke ciwo?"

Ya ce, "Kai ne wanzami, ka zaɓa."

Na zaɓi baya. Ya kwanta rub da ciki a gaban manya, na kafa masa ƙaho, yana nishi kamar gaske, ya ce ba zai iya kai damina a nan ba, a shirya komawa. Jarmai ya tashi ya yi ta faɗa, har da cewa an zubar masa da mutunci. Da yamma na gan shi yana gyara sirdi yana 'yar waƙa.

Sai gardama ta koma kan yadda za a tashi. Wasu suka ce a sulale. Barde ya ƙi. Ya aika aka sanar da sarkin nan don ya san matsayinsa. Ya ce marasa lafiya su yi gaba a kan jakuna, dakaru su bi, mahaya a baya. Mutanen ƙasar da suka nuna mana hanya, ya ce a tafi da su da iyalansu, don in an bar su yanka su za a yi. Jikokinsu ne a unguwar yamma da Ƙarfi.

Jarmai ya roƙi tsaron baya, kuma ya tsaya da gaske. Mutanen dutse suka biyo mu har bakin kogi, ya tare su, ya samu kibiya a cinya. Ni na cire ta, yana zagina. Mun iso gida ƙasa da sauran danshi, aka yi shuka.

Barde kuwa har ya rasu 'yan kasuwa suna kwaikwayon nishinsa, bai taɓa gyara zancen ba. Abin da na koya ke nan: mai kuri ba lallai matsoraci ba ne, gida kawai yake so kamar kowa, kuma babba na gaske shi ne mai iya ɗaukar abin dariya don mutanensa su tsira. Ku kuma, in mutum ya ba ku kansa, ku riƙe bakinku kamar yadda kuke riƙe aska.