Na Sa Hannu da Sunan Yaya Ƙasimu

Shekara biyar ke nan cif da muka kai Yaya Ƙasimu makwancinsa a nan Daura, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara nakan rubuta masa 'yan kalmomin yabo a wannan shafi. Bana ba yabo na kawo ba. Na zo ne in faɗi abin da na yi da sunansa.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ƙirƙiro wata 'yar manhaja mai gyara rubutun Hausa, wadda ke sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu idan mai rubutu ya manta. Ya bar ta a buɗe, kowa na iya leƙa cikinta, ya ɗauka kyauta, ko ya aiko da gyara. Malaman makaranta daga Baure har garin Babban Mutum da ita suke buga takardun sakamakon ɗalibai.

Doka biyu ya kafa, kuma ba ya wasa da su. Ta farko gwaji: ya tara kalmomi masu rikitarwa, duk gyaran da aka aiko sai kwamfuta ta gwada shi a kansu da kanta, ta nuna kore idan lafiya, ja idan an ɓata wani abu. Ta biyu ita yake kira ido na biyu: wanda ya rubuta gyara ba shi zai amince da shi ba, sai wani ya karanta ya sa hannu. Ni da shi muke duba wa juna. Mutum ne mai taurin kai, ko waƙafi ka saka a inda bai dace ba sai ya dawo maka da aikinka.

Da jinya ta yi tsanani ya ba ni lambar sirrinsa, ya ce in rufe shafinsa na manhajar bayan ransa. Na kasa. Da farko kewa ce ta hana ni. Daga baya sai na ga ni kaɗai na rage mai ikon amincewa, gyare-gyarena sun taru babu mai dubawa. Wata rana na shiga da sunansa na sa wa aikina hannu. Ban ji komai ba, sai na sake. Haka na yi ta yi shekara da shekaru, ina gaya wa kaina ai na san abin da zai ce.

A zangon karatun da ya wuce na yi wani gyara don manhajar ta ƙara sauri. Gwaji ɗaya ya nuna ja. Ina sauri, malamai na jira, ban ko buɗe in ga wanne ba ne. Na kashe shi, na sa hannu da sunan Yaya, na saki.

Bayan mako biyu Malama Rukayya ta kira ni. Malamar lissafi ce a Baure, takan aiko mana da ƙananan gyare-gyare.

"Malam Bashir, ka ga takardun yaranmu kuwa? Duk inda aka rubuta Daura ya koma Ɗaura. Iyaye har tambaya suke me za a ɗaura."

Na fara kame-kame. Ta katse ni.

"Na duba tarihin gyaran. An rubuta Malam Ƙasimu ne ya amince. Ni fa na je ta'aziyyarsa. To wa ke duba mana aiki?"

Ta kashe wayar. Da na buɗe gwajin da na kashe, sai na ga Yaya ne ya rubuta shi da hannunsa, tun farkon manhajar, don wannan kuskuren kaɗai. Ya san wata rana wani zai zo da gaggawa ya lanƙwasa sunan garinmu. Bai san ƙaninsa ne zai yi ba, har ya jingina masa laifin.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau, da na'ura ke rubuta gyara shafi guda kafin ka kurɓi shayi. Ba na jin saurin zai tsorata shi. Zai tambaya ne kawai, wa ya karanta? Amsar ita ke hana ni sukuni, domin a manhajarsa shekara da shekaru babu wanda ya karanta.

Na mayar da gwajin, na rufe shafinsa, na roƙi Malama Rukayya ta karɓi ikon dubawa. Ta ce za ta yi shawara, har yau ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba. Idan ta ƙi, manhajar za ta tsaya inda take, don ba zan ƙara sa wa kaina hannu ba.

Gwajinsa ya yi aikinsa bayan ransa, ni ne na toshe kunne. Tarihin gyara kuwa ba ya goguwa, kowa a duniya zai iya ganin sunansa a kan aikin da bai taɓa gani ba. Don haka jiya na bi gyare-gyaren da na sa wa hannu da sunansa ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta layi guda a ƙarƙashin kowane: Ni ne, Bashir. Ƙasimu bai ga wannan ba.