Ranar da na hana a zura wa Yaya Sale roba

Da kakar bana Yaya Sale ya cika shekara shida a ƙasa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomin masara da auduga a Maska, mutumin da ko a kan babur ka gaishe shi sai ya tsaya ya amsa har ƙarshe.

Ƙurar sussuka da maganin feshi ne suka cinye masa huhu sannu a hankali. Da numfashi ya gagara, daga Funtua aka tura mu babban asibiti, ɗakin masu jin jiki sosai. Suka ɗaura masa takunkumin roba mai rufe hanci da baki, inji na tura masa iska da ƙarfi. Likita ta ja mana kunne kada a ɗaga shi, don iska na zurarewa aikin ya lalace.

To, ina! Mutanen Maska suka yi ta zuwa dubiya mota-mota. Duk wanda ya samu shiga ya ce, "Sannu Malam Sale, ya jiki?" sai ya ɗaga takunkumin: "Da sauƙi. Ya hanya?" Ni da ya kamata in tare ƙofa, nauyin dattawa ya hana ni.

Kwana na biyu likita ta ja ni gefe. "Alhaji, takunkumin nan ya gaza, ƙirjinsa ya gaji. Sai dai a sa shi barci a zura masa roba a maƙogwaro, inji ya yi masa numfashin." Na tambaya ko zai iya magana. Ta ce a'a. Na ce ban yarda ba. Wa zai so ɗan'uwansa ya cika babu kalmar shahada a bakinsa? Wallahi ita nake tsare masa, ba taurin kai ba ne.

Sai da ya daina gane ni sannan na sa hannu aka zura masa robar. Daga baya likitar ta ce ko da an sa robar da wuri ba tabbas ya tashi. Ta faɗa ne don ta rarrashe ni, amma har yau zuciyata ba ta karɓa ba.

Da zai dawo yau, me zai gani? Gonarsa ta bakin daji ta zama saura saboda 'yan bindiga. 'Ya'yansa na nan suna feshi baki buɗe, babban har ya fara irin tarin uban. Bara aka ɗaura wa maƙwabcinmu takunkumin nan, na je na faɗa wa iyalinsa abin da ya same mu. Suka ce Allah ya kyauta, washegari motar dubiya ta cika. Na daina sa ran wani zai ji.

A Maska ana tuna shi da kirki, kuma gaskiya ne. Ni kuwa abin da ya zauna mini daban ne. Ranar da zai cika na sunkuya ina laƙƙana masa shahada a kunne, roba a bakinsa, yana barcin magani. Allah ne ya san ko ya ji. Maganar da ya yi ta ƙarshe a duniya, wani baƙo daga Mahuta ya yi wa ita: "Ka gaida mutan gida."