Irin da Ban Ciza Ba

Shekarar da ruwa ya ɗauke bayan an gama shukar farko, ina aiki da wani kamfani mai sayar da iri da taki da maganin feshi ta intanet. Kamfanin yana can wani babban gari da ban taɓa sa ƙafa ba, ni kuwa ina Rikoto ta ƙasar Zuru a gidan mahaifiyata, daga ni sai kwamfutar da suka aiko min da abin jin magana a kunne. Sun ɗauke ni ne don ina jin Hausa da yarenmu na C'lela, ga shi kuma manoman yankinmu sun fara shiga shafin nasu suna ɓacewa a ciki.

Aikina shi ne in fito da su daga ɓatan. Mutum zai kira, in ce ya danna wurin da aka rubuta cewa ya yarda in taimake shi. Yana dannawa sai shafin da ke fuskar wayarsa ya bayyana a kwamfutata, abin da yake gani shi nake gani. Sannan ina da wani jan zobe. Duk inda na ja linzamin kwamfutar, nan zoben zai tafi a wayarsa, in ɗora shi kan abu in ce, danna nan. Ni ba na iya danna wa kowa, haka kamfani ya tsara abin. Nunawa tawa ce, dannawa tasa.

Wannan tsari ya sha cin raina, don ni ba mai haƙuri ba ce. Tun ina yarinya idan aka aike ni da ƙanena, sai in baro shi a hanya in dawo in tarar bai kai rabi ba. To ga ni yanzu zaune, zobe a kan abu, ina kallon shafi yana hawa yana sauka saboda babban yatsan wani yana laluben wurin da ke gaban idonsa. Ƙafata ba ta daina kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Teburin ma ba ya zama wuri ɗaya, da safe yana bakin ƙofa, rana ta yi in ja shi gindin mangwaro ina bin sabis. Mahaifiyata ta ce ba ta taɓa ganin aikin ofis mai yawo irin nawa ba.

Mutanenmu kuma kowa da yadda ya fahimci zoben. Wata mata ta ce in dakata ta ɗaura ɗankwali, don ba za ta tsaya gaban baƙuwa kai a buɗe ba. Na rantse mata ba na ganinta, shafin kawai nake gani. Ta ce ta ji, amma dai in dakata. Wani kuwa yana ganin zoben ya motsa shi kaɗai ya kashe wayarsa, bai sake kira ba.

A wani mako kira ya yi yawa fiye da kullum. Shukar da ta tsiro ta ƙone a gonaki, kowa yana neman irin masara mai saurin nuna don ya sake shuka da zarar ruwa ya dawo. Hadari yakan haɗu da rana a bayan duwatsu, ya yi baƙi, mu duka mu ɗaga kai, sai iska ta watsa shi. Motar kamfani mai kai kaya ɓangaren Dirin Daji a ranar da nake ba da labarinta za ta tashi da la'asar, kuma ogarmu ta riga ta gaya mana cewa ba za ta sake komawa can ba sai lokacin shuka ya wuce. Wanda sunansa bai shiga kafin ta tashi ba, ya rasa ke nan.

Bayan azahar wani dattijo ya kira daga wani ƙauye kusa da Dirin Daji. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa a wajenmu, ina amsawa idona na kan agogo da jerin masu jira. Daga nan ya yi min bayani. Tsohon soja ne, ya dawo gida noma. Ɗansa da ke bakin aiki can nesa shi ya saya masa wayar ya nuna masa shafin. Irin da ya ajiye tun bara ya shuka shi duka, duka ya ƙone, kuma maƙwabta ba su da na bayarwa don abin da ya same shi shi ya same su. Jikoki na gidansa. Idan bai sake shuka ba, bana rumbunsa ba zai ga ko zangarniya ba.

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ni da nawa hankalin ba a kwance yake ba. Ya danna wurin yarda, shafinsa ya fito, na sa zobe. Sai na ji ya yi 'yar dariya, ya ce ashe ga ni nan na shigo. Bai ji tsoro ba ko kaɗan, kuma ban taɓa samun mai bin umarni kamarsa ba. In na ce danna, ya danna, in na ce tsaya, ko numfashinsa ba na ji. Sai dai yatsansa ya yi wa wayar girma, ya nufi masara ya faɗa cikin maganin ɓera, mu dawo baya. Sabis ya yanke mana, na ɗauki kwamfutar a hannu na koma jikin katanga ina tsaye, ya sake kira, muka sake farawa daga gaisuwa.

Da ƙyar muka iso shafin irin masara. Iri uku ne a jere, kowanne da hoton buhunsa da rubutu a ƙasa. Na karanta masa abin da aka rubuta, wannan yana jure fari, wannan ya fi saurin nuna, wancan ya fi yawan amfani. Na ce ya zaɓa mu ƙarasa, mota ba ta jiran kowa. Bai zaɓa ba. Na kaɗa zoben a kan hotunan kamar mai kiran kaji.

Sai ya ce, "Ɗiyata, tunda hannunki na cikin shagon, buɗe buhun wanga na tsakiya ki ɗebo ƙwaya guda ki ciza. Ki gaya mini abin da haƙorinki ya ji."

Ban yi dariya ba, don na san abin da yake nufi. A wajenmu ba a sayen iri da ido. Ana ɗebowa a tafin hannu, a murza, a sansana, a ciza. Ƙwayar da ta bushe da kyau tana da ƙarar da take yi a haƙori, wadda ta sha danshi ko ƙwaro ya shige ta kuwa sai ta narke ta zama gari. Ko ni da na yi boko haka na tashi na ga ana yi a kasuwar Zuru. Shi a ganinsa ina tsaye ne a cikin wani shago, buhuna kewaye da ni, na miƙo hannu ta cikin wayarsa ina nuna masa kaya.

Ga hanya mai sauƙi a gabana. In yi shiru na ɗan lokaci, in ce na ciza, yana da kyau, ya danna, sunansa ya shiga mota. Wallahi har bakina ya buɗe. Amma na kasa yi wa dattijo ƙaryar haƙori a kan abincin jikokinsa. Na ce, Baba, ba na cikin shago. Ina tsaye ne jikin katangar gidanmu a Rikoto, buhunan suna wani gari, hoton da kake gani shi nake gani, ban taɓa riƙe ƙwayar irin nan a hannuna ba.

Na ji akuya tana kuka a bayansa. Na ɗauka zai kashe wayar, raina ya ɓaci da kamfani, da zoben, da ni kaina da na zama mai nuna hanyar da ban taɓa bi ba.

Da ya yi magana, tambayata ya yi ko mahaifina manomi ne. Na ce manomi ne kafin ya rasu. Ya yi min ta'aziyya a tsanake kamar ba mota ake jira ba. Sannan ya ce in ɗauke zoben daga hotunan gaba ɗaya, in yi tunani, in ɗora shi a kan wanda da zan saya wa mahaifina.

Duk gaggawar da nake yi ta bar ni. Na kai zoben gefe na ajiye, ina sake karanta rubutun da na sha karanta wa mutane ba tare da ya dame ni ba. Ban san ƙasar gonarsa ba, ban san ranar da ruwa zai dawo ba. Na kalli sama, hadarin ranar ma ya fara watsewa. Daga ƙarshe na ja zoben a hankali na ɗora a kan mai saurin nuna. Ban kai ga cewa danna ba ya danna.

Muka ƙarasa sauran, sunansa ya shiga. Na ce, Baba, don Allah idan ya tsiro ka kira ka gaya min, ka ce a haɗa ka da mai jin C'lela.

Ya ce, "A'a, ɗiyata. In ya fito, aikin gona ba zai bar ni in kira ba. In bai fito ba, ba zan kira in ɗora miki ba, don kin gaya mini gaskiya."

Ya yi godiya ya kashe. Ruwa ya dawo bayan 'yan kwanaki, ya yi ta zuba har kaka. Duk wannan daminar, kiran da ya shigo daga ɓangaren Dirin Daji sai in ɗauka da sauri in ji wata murya daban. Ya cika alkawarinsa, bai kira ba.